Ƙananan jif: kyan jiki ne ke sayar da su, ko wani abu daban?

Baban Yusra:
Assalamu alaikum. Ga wata magana ina so masana mota su duba mana. In aka ɗauko jerin motocin da suka fi kasuwa a duniya a 'yan shekarun nan, ƙananan jif ne a sama: Toyota RAV4, Honda CR-V, Tesla Model Y, sai su Tucson da Sportage da Tiguan a biye. A Amurka tun 2017 RAV4 ta sha gaban Camry, kuma a 2019 an sayar da ita sama da 448,000 a ƙasar kaɗai. Amma in ka tambayi masu son mota wacce ta fi kyau a wannan ajin, da yawansu Mazda CX-5 za su kira maka, alhali a Amurka ba ta taɓa kai rabin cinikin RAV4 ba. Ni abin da na fahimta, kyau ba ya sayar da mota a nan. Wanda yake ganin ba haka ba, ina sauraro.

Injiniya Auwal:
Wa alaikumus salam. Baban Yusra, a raba abu biyu tukuna, don ana yawan cakuɗa su. Akwai ƙirar motar gaba ɗaya, wato tsayinta da yadda take tsaye, akwai kuma ado: fitilu, ragar gaba, rim, lanƙwasar ƙarfen ƙofa. Ƙirar ita ta sayar da ajin dukansa. Lokacin da RAV4 ta fito a 1994, CR-V a 1995, dabarar ɗaya ce: a ɗauki ƙasan ƙaramar motar salun, jiki da shasi a haɗe wuri ɗaya, a ɗora mata dogon jiki. Sai ka samu mota mai kamar jif amma tana tafiya tana shan mai kusan kamar salun.

Abin da mai saye yake ji a jikinsa shi ne kujera. Mazaunin direba a waɗannan motoci ya fi na salun tsawo da kamar santimita 10 zuwa 15, ya fi kusa da inda ƙugun mai matsakaicin tsawo yake in yana tsaye. Ba ka sunkuya ka faɗa ciki ba, ba ka kuma taka ka hau ba. Dattijo mai ciwon gwiwa da uwa mai ɗaure jariri a kujerarsa ta baya, duk wannan ne yake jawo su. Ƙara da tazarar ƙasa: RAV4 da Subaru Forester suna da wajen milimita 210 zuwa 220, Camry kuwa kusan 145. Don haka siffa tana sayarwa, sosai ma. Ado ne nake shakka.

Maman Ilham:
Injiniya, ban yarda a raina ado haka ba. Dubi Peugeot 3008. Ta farko da ta fito a 2009 tana da wuri, tana da tsawon kujera, duk abin da ka lissafa, amma jikinta a kumbure yake kamar ƙaramar bas ta iyali. A 2016 aka sake zana ta, aka miƙe bonet, aka ɗaga kafaɗa, aka gyara cikinta da ƙaramin sitiyari da allo a samansa. Ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 2017, cinikinta kuma ya haura nesa ba kusa ba. Kia ma haka. Sportage tana kasuwa tun 1993 a matsayin motar mai neman sauƙi. Sai da Peter Schreyer, wanda ya yi aiki a Audi da Volkswagen, ya kama ragamar zane a Kia a 2006, aka fito da zubi na uku a 2010 da wannan ragar da ake kira hancin damisa, sannan mutane suka fara sayenta don suna sonta.

Injiniya Auwal:
Hajiya, misalin 3008 nawa ne ai. Daga siffar bas aka mayar da ita siffar jif. Na Sportage kuwa na ba ki gaskiya.

Maman Ilham:
To ga na uku, Nissan Qashqai. Ta shiga kasuwar Turai a 2007, a Landan aka zana ta, a Sunderland ake ƙera ta. Yawancin waɗanda aka sayar ƙafafun gaba kawai suke ja. Masu sayenta ba daji za su shiga ba, kamannin suke so. A 2022 ita ce motar da aka fi saye a Birtaniya. Ra'ayina shi ne kamfanin da bai yi suna wajen ƙarko ba, zane ne kaɗai zai sa a tsaya a dube shi. Toyota da Honda ba sa bukatar haka, sunansu ya riga ya kawo mai saye bakin ƙofa, aikin mai zanensu kawai kada ya kore shi.

Baban Yusra:
Wannan batun na ƙarshe ya shige ni, Hajiya. Amma fa ko "kada ya kore shi" ɗin ba kullum ba. Jeep Cherokee ta 2014 ta zo da fitilu a rabe, siririya a sama, babbar a ƙasa. An yi ta suka kafin ma ta fito, kuma ta yi kasuwa. Duk da haka a gyaran 2019 sun mayar da fitilun wuri ɗaya. Yau kuma dubi motoci nawa ne suke da wannan rababbiyar fitila. To CX-5 fa, har yanzu ba a ba ni amsa ba.

Injiniya Auwal:
Amsar CX-5 tana cikin zanen nata. Don ta yi kyau, Mazda ta ba ta dogon bonet, ta tura ɗakin fasinja baya, ta ɗan kwantar da gilashin baya. Kowane santimita da bonet ya ci, daga gwiwar mutanen baya ko daga but aka cire shi. A ma'aunin Turai, but ɗin CX-5 zubi na biyu ya ɗan haura lita 500, na RAV4 zubi na biyar lita 580. Wurin ƙafa a baya ma CR-V ta fi ta a fili. Mai iyali yakan yaba CX-5 daga waje, ya buɗe ƙofar baya, ya sa hannu a takardar CR-V.

A kula da waɗannan alƙaluman but, suna ruɗi. A Turai ana jera tubala masu lita ɗaya ɗaya, kowanne milimita 200 da 100 da 50, yawanci zuwa iyakar murfin kaya. A Amurka ana aunawa har rufi. Shi ya sa RAV4 guda za ka ga an rubuta 580 a wani wuri, a wani wurin sama da 1,000. Kada a gwada lambar wannan ma'auni da ta wancan. Wani lokaci ma kamfani yakan haɗa da ramin da ke ƙarƙashin shimfiɗa, ko ya auna bayan an tura kujerun baya gaba, kamar yadda ake iya yi a Tiguan.

Ga kuma abin da ba zane ba: Mazda ƙaramin kamfani ne in an gwada da Toyota, masana'antunta da dilolinta ba su kai ba, kuma CX-5 ta daɗe ba ta da cikakken haibirid, wato mai haɗa injin fetur da na lantarki.

Malam Lawal Makanike:
Injiniya ya taɓo inda nake jira. Ku bar kallon fenti ku duba abin da ke ƙarƙashin bonet, don nan ne mota take samun suna ko ta rasa shi, sunan kuma shi yake sayar da zubi na gaba.

RAV4 haibirid ta fara a zubin 2016. A gwajin hukuma na Amurka, ta zubi na biyar tana shan kusan lita 6 a kilomita 100, mai fetur zalla kusan lita 8. Giyarta ana kiranta CVT, wato giya mai sauyawa da kanta ba tare da matakai ba, amma ba bel a ciki, haƙoran ƙarfe ne da injinan lantarki biyu, ba kulochi, ba abin da zai zame. Abin lura a jikinta shi ne hucin batir. Batirin yana ƙarƙashin kujerar baya, fanka tana jawo masa iska ta wata 'yar raga mai matata. In ƙura da gashi suka toshe ta, batir ya yi ta zafi, ƙarfinsa ya ragu. A cire matatar a kakkaɓe lokaci lokaci, kuma kada a jingina kaya a bakin ragar.

CVT mai bel, irin ta Rogue da X-Trail da Qashqai, bel ne na ƙarfe tsakanin kwando biyu da man giya yake matsewa. Zafi ne makashinta. Mai ya tsufa, matsi ya ragu, bel ya fara zamewa yana kankare kwandon, sai ka ji karkarwa wajen tashi ko kuka a dogon hawa. Nissan har ƙara wa'adin garanti ta yi a Amurka a kan wasu shekaru. Man da aka rubuta mata kawai ake zubawa, kuma ni shawarata a canza shi duk kilomita 50,000 zuwa 60,000, ko da littafi ya ba da tazara mai tsawo.

Giya mai kulochi biyu busasshiya, irin ta Tucson 1.6 turbo ta 2016, tana da daɗi a buɗaɗɗiyar hanya amma ba ta son cunkoso. Sakin birki kaɗan kaɗan ana rarrafe yana sa kulochi rabi a kama rabi a sake, ya yi zafi. A bar tazara, a tafi gaba ɗaya, a tsaya gaba ɗaya. A hawa kuma kada a riƙe motar da totur.

CR-V ta 2017 da 2018 mai injin 1.5 turbo ta yi fama da fetur yana gangarawa cikin baƙin mai a ƙasashen sanyi, musamman ga masu gajeriyar tafiya da injin ba ya ɗumama. A Sin har kiranye aka yi a 2018. Alamarsa, mai yana ƙaruwa a sandar awo maimakon raguwa, yana kuma warin fetur.

Kabiru Mai Taya:
Allah ya ƙara basira, Malam Lawal. Ni kan rim zan yi magana, don shi ne adon da ya fi sa mutane hawa zuwa mota mai tsada a cikin samfuri ɗaya. RAV4 zubi na biyar ta zo da 225/65R17, ko 225/60R18, ko 235/55R19. Lambar tsakiya kaso ne na faɗin taya. To lissafa: 65 cikin 100 na 225 ya ba da gefen taya milimita 146, ta 18 tana da 135, ta 19 kuma 129. A CX-5 mai 225/55R19 ya sauko 124. Tsawon ƙafar gaba ɗaya kusan ɗaya ne, roba aka rage aka ƙara ƙarfe.

Wannan robar ita ke fara shanye duka kafin ya kai ga shokazoba. In ta yi kaɗan, rami mai kaifin baki yakan matse ta a jikin rim, zaren ciki ya tsinke, ƙwai ya fito a gefe. Tayar da ta yi ƙwai ba ta da faci, sai sabuwa. Rim ɗin ma yakan lanƙwashe ta ciki inda ba a gani, sai sitiyari ya riƙa rawa a gudun 90 zuwa 110. Ga nauyi, ga ƙarar hanya, ga tsadar taya. Wanda hanyarsa ba sumul ba, 17 ya kamace shi, ko da 19 ta fi cika ido.

Masu jan ƙafa huɗu kuma su kiyaye: tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, cinyewa kusan ɗaya. Sabuwa guda a cikin tsofaffi uku tana juyawa a hankali fiye da su, na'urar da ke raba ƙarfi ta ɗauka zamewa ake yi, ta yi ta kamawa tana zafi. Subaru ta fi tsanani a kan wannan, don nata kullum a haɗe yake.

Sadiya A.:
Ina da tambaya. Me ya sa aka daina rataya safaya a ƙofar baya? Ai ita ce take nuna jif ce.

Malam Lawal Makanike:
Malama Sadiya, CR-V ta sauke ta a zubin 2007, RAV4 a na 2013. Nauyin taya a ƙofa yana tilasta ƙofar ta buɗe ta gefe, mai bukatar fili a baya, kuma in sitiyari ya sauya ɓangare sai ka ga ƙofar tana tare bakin titi. Tana rage ganin baya. In aka ɗan buga motar ta baya, tayar ce take fara karɓa ta tura ƙofa da gilashi ciki, ƙaramin karo ya zama babban gyara. Sai dai a duba kafin a saya, wasu na yanzu, musamman haibirid da masu lantarki, ba safaya ko kaɗan, sai kwalbar gam da famfo. Gam ɗin ƙusa yake toshewa, ba ya maganin yagewar gefe.

Injiniya Auwal:
Akwai ma abin da muke ɗauka zaɓin mai zane ne alhali doka ce. A Amurka ma'aunin shan mai na ajin ƙananan manyan motoci ya fi na salun sassauci. Jif mai jan ƙafa huɗu tana shiga wannan ajin in ta cika huɗu daga sharuɗɗa biyar, cikinsu akwai kusurwar gaba, wato tsinin hawan da za ta tunkara ba tare da bamba ya gogi ƙasa ba, aƙalla digiri 28, ta baya digiri 20, da tazarar ƙasa santimita 20. Shi ya sa za ka ga an yanke ƙasan bamba ya yi sama kamar haɓa. Wannan da ribar da ke cikin jif suna cikin abin da ya sa kamfanoni suka karkata, har Ford ta sanar a 2018 za ta janye yawancin motocinta na salun daga Arewacin Amurka. In salun ta ragu a wurin dila, dole alƙaluman jif su hau, ko mai saye yana da zaɓi ko ba shi da shi.

Sin kuma ta ba mu gwaji mai kyau kan tambayar Baban Yusra. Can Toyota tana sayar da RAV4 ta hannun kamfanin FAW da Wildlander ta hannun kamfanin GAC, Honda tana da CR-V da Breeze. Injin ɗaya, ƙasa ɗaya, fuska da bayan mota aka bambanta. Kamfani ba zai kashe kuɗin sabon ƙarfen bugu ba in fuska ba ta kawo masa wasu masu saye. Hyundai da Kia ma Tucson da Sportage ƙasa ɗaya suke hawa.

Maman Ilham:
Madalla, ka dawo hanyata ke nan, Injiniya. Kuma Tucson ta 2020, mai fitilun da suka ɓuya cikin raga sai an kunna su, ta nuna ana iya yin zane mai ƙarfi a yi kasuwa da shi. Ita kanta RAV4 da ta fito a 2018 an kaurara mata jiki, an yi mata kusurwoyi da bakin taya mai kusan murabba'i, ta koma kama da manyan 'yan'uwanta. Toyota ba ta yi haka a banza ba.

Amma zan faɗi inda ado yake cutarwa, don ina ganin ana wuce gona da iri. Ana ɗaga layin tagogi, ana kaurara ginshiƙin baya, ana kwantar da rufi. Yaro a baya ba ya ganin waje, amai ya fi saurin taso masa, direba kuma sai ya dogara da kyamara. Forester ce ta ƙi bin wannan yayi, gilasanta manya, ginshiƙanta sirara, ana ce mata ba ta da kyau, amma masu ita ba sa son rabuwa da ita. A ciki kuma an kwashe maɓallai an zuba a allo, har sanyaya ɗaki sai ka ɗauke ido daga titi. Hukumar gwajin karo ta Turai, Euro NCAP, ta ce daga 2026 za ta riƙa duba ko sigina, fitilar haɗari, hon da waifa suna da abin dannawa na hannu wajen ba da maki. Baƙin roba mai sheƙi da ake shimfiɗawa a kusa da giya kuwa, ko tsumma aka goga masa sai ya yi zane.

Kabiru Mai Taya:
Launi ma kusan an gama magana. Fari ne kan gaba a duniya shekara da shekaru, in aka haɗa da baƙi da toka da ruwan azurfa sun kai kusan kashi 80 cikin 100. Dila yana odar abin da ba zai kwana ba, mai saye yana tunanin ranar sayarwa. Jan Mazda ɗin nan mai zurfi yana da kyau, amma hawa uku ne, mai fenti yakan sha wuya kafin ya dace da shi in ƙofa ɗaya ta ƙuje.

Baban Yusra:
To Model Y fa? A 2023 ita ce ta fi kowace mota ciniki a duniya, kusan miliyan 1.2, kuma ba ta da kusurwoyin nan da Hajiya take cewa suna sayarwa.

Injiniya Auwal:
Iska ce ta zana ta. Turjiyar iska tana bin faɗin gaban mota, da santsin siffarta, da gudu sau kansa. In ka ninka gudu daga 60 zuwa 120, turjiyar ta ninka sau huɗu. Lambar turjiyar siffar Model Y wajen 0.23 ce, yawancin jif masu fetur na ajin sun haura 0.30. A mai fetur bambancin ɗan ƙarin mai ne, a mai batir kuwa kilomitoci ne masu yawa a kan babbar hanya. Don haka rufinta ya kwanta, hannun ƙofa ya shige jiki. Model 3, salun ɗin Tesla, aka ɗaga, kujera ta yi sama, but ya faɗaɗa, aka ba ta babbar ƙofar baya. Ka ga mun koma kan kujera da wurin kaya.

Tsawon yana da nasa farashi. Nauyi yana sama, don haka a kaucewar gaggawa motar tana dogara da kwamfutar da ke taka birkin kowace ƙafa daban. Wata mujallar Suwidin ta kayar da RAV4 a irin wannan gwajin a 2019, Toyota ta gyara da sabunta manhajar. In fitilar wannan na'ura ta kama a dashbod, ba abin a bari ba ne.

Sadiya A.:
Rufin gilashi fa, a saya ko a bari?

Malam Lawal Makanike:
In ana so a saya, amma a san hidimarsa. Yana ƙara nauyi a can sama, yana cin 'yan santimita na wurin kai. Robar gefensa ba ta hana ruwa gaba ɗaya, akwai kwata a ƙarƙashi da siraran tiyo a kusurwoyi huɗu masu saukar da ruwa ta cikin ginshiƙai. Ƙura da ganye suna toshe su, ruwa ya bi silin ya sauka ƙarƙashin kafet inda wayoyi da wasu kwamfutoci suke. A buɗe rufin, a zuba ruwa kofi ɗaya a kowace kusurwa, a ga ya fito ta ƙasa kusa da taya. In bai fito ba, a zura zaren roba mai laushi a hankali. Kada a hura iska mai ƙarfi, tiyon yakan kwance daga bakinsa a cikin silin, aiki ya ƙaru.

Fitilun zamani ma a sani: yawancinsu a rufe suke, ba ƙwan da za a canza, in ɗaya ta mutu ko ta fashe sai dukanta. A motoci da yawa na'urar da ke auna tazarar motar gaba tana bayan tambari ko a ƙasan bamba, kyamara kuma a bayan gilashin gaba. Bayan canjin bamba ko gilashi dole a sake saita su da na'ura, in ba haka ba motar tana iya taka birki ba dalili, ko ta ƙi takawa inda ya kamata.

Maman Ilham:
Malama Sadiya, in za ki gwada, ki je da abin awo da kayan da kike ɗauka kullum. Ki saita kujerar direba daidai ke, sannan ki koma ki zauna a bayanta ki ga gwiwa. Ki duba iya buɗewar ƙofar baya, ta Qashqai ta yanzu tana kai digiri 85, wasu ba sa kaiwa kusa, kuma wajen sa kujerar yaro bambancin babba ne. A but ki auna faɗi tsakanin tudun tayoyi biyu da tsawon leɓen daga ƙasa, ki kwantar da kujeru ki ga ko shimfiɗar ta daidaita ko akwai tudu a tsakiya. Ki ɗaga shimfiɗar ki tabbatar da safaya. In samfurin yana da rim 17 da 19, ki nemi a ba ki duka biyun ki bi hanya ɗaya da su, mai ɗan gargada, da rediyo a kashe.